Layi Biyu, Rami Ɗaya

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi bai daɗe da kamawa ba, gwaggona ta aiko yaro ya kira ni. Gidanta na cikin tsohon garin Tawa, kuma tun ranar da ta ji an ce aikina rezo ne, duk abin da ya sami wayarta ni ne da laifi. Na iske ta zaune kan tabarma, ta miƙo mini wayar kamar mai miƙa jariri marar lafiya. Saƙon murya ne ta yi wa ɗanta da ke cirani a Abijan tun da hantsi, ga ɗan agogon nan na WhatsApp ya kafe a gefe, ya ƙi tafiya.

"Ɗan nan, mi kuka yi ma rezo? Na canza pus, na koma ɗayan, duk ɗaya."

"Gwaggo, ba daga nan ba ne. Cikin teku abin ya lalace."

"Teku? Mu da ko gulbi ba mu da shi?"

A ranar, igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka katse kusan lokaci guda daura da gaɓar Kwaddibuwa. Abin da aka fi zato shi ne ƙasa ce ta zabtare can ƙarƙashin ruwa. Ƙasashe fiye da goma suka ji a jikinsu, har da mu. Jiragen ruwan da ke irin wannan gyara ba su da yawa a duniya, ɗaya ma daga Afirka ta Kudu ya taso, aka kwashe makonni kafin komai ya koma daidai. Abin dariya, wurin da igiyoyin suka tsinke yana daura da birnin da ɗan nata yake zaune.

Maganarta ta farko ce ta tsaya mini a rai: na canza pus. Kusan kowa a ƙasar nan ta Nijar layi biyu gare shi, wasu uku, kuma ba don ado ba. Mai sayar da albasa a kasuwar Tawa ya san in wannan ya ƙi, wancan zai yi. Talaka bai jira injiniya ya koya masa gida biyu maganin gobara ba. Abin da ba a gaya masa shi ne, sau da yawa gidajen nan biyu rufinsu ɗaya. Na yi shekara 15 ina aikin haɗa hanyoyin sadarwa, a Yamai da nan Adar, kuma in aka ce in faɗi ciwon rezonmu a taƙaice ba zan kawo maganar 4G ko 5G ba. A wurare da yawa da ya kamata a ce hanya biyu ce, ɗaya muke da ita, kuma kamfani da gwamnati kowa na da dalilinsa na barin ta haka.

Mu bi sawun saƙon gwaggo. Daga wayarta zai hau iska zuwa antan ɗin unguwa, dogon turken ƙarfen nan da ake hange daga ko'ina. In ƙauye ne sai ya yi tsalle biyu ko uku daga turke zuwa turke. Daga nan ya faɗa cikin fibir, zaren gilashi mai kaurin silin gashi da aka binne a gefen kwalta, ya koma haske mai gudun kilomita wajen 200,000 a daƙiƙa. Hanyar da bas ke bi ita yake bi: Konni, Dogon Dutsi, Doso, Yamai, sama da kilomita 500, don a Yamai zuciyar kowane kamfani take. Sai ya juyo baya ya gangara Gaya, ya haye kogi zuwa Malanbil, ya ratsa Benin daga arewa har Kwatano, inda igiyar teku ke hawowa tudu. Akwai ƙofar Burkina, akwai ta Najeriya, amma duk wadda ka bi bakin tekun Atlantika za ta kai ka. Daga can ya nufi manyan kwamfutocin kamfanin a Turai ko Amurka, sannan ya dawo Abijan. In komai lafiya, duk wannan tafiya ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba. Duk rigimar da ake yi kan iyakarmu da Benin tun 2023, masu lissafin manyan motocin da suka maƙale sun cika mantawa cewa ba kaya kaɗai ke bi ta wurin ba.

Igiyoyin nan huɗu sunansu daban, masu su daban, shekarun da aka shimfiɗa su ma daban: SAT-3 tun 2002 take aiki, ACE kuwa 2012. Wanda ya sayi hanya a kan biyu daga ciki zai kwanta da daɗi, yana ganin ya yi tanadi. Amma duka ta kwari ɗaya suka bi a ƙarƙashin ruwa. A takarda huɗu, a ƙasa ɗaya.

Na ga ƙanin wannan da idona. Wata shekara, inda nake aiki muka yi hayar hanya ta biyu daga wani kamfani daban, yarjejeniya ta ce ba ta da haɗi da tamu. Ran nan da la'asar sai allon lura ya yi ja, hanyoyin biyu a daƙiƙa ɗaya. Muka ɗora na'urar da ke harba haske cikin zare ta auna inda ya tsaya, ta ce kilomita 37 da ɗan wani abu. Muka isa bayan isha'i. Katafila ce ta masu gyaran kwalbati ta kai cafka, ga bututunmu ga na hayar, kwance kafaɗa da kafaɗa kamar tagwaye, duka a yanke. Direban na zaune yana shayi, ya ce shi ba wanda ya nuna masa taswira, kuma na yarda da shi. Cikin mota muka ja bakin igiyar muka rufe gilasai, don ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata haɗi. Zare 24 ne, kowane sai an feɗe shi, a goge da alkol, a yanke bakinsa daidai, a sa cikin na'urar da ke narka baki biyu su zama ɗaya. Mai haɗin, wani dattijo da ya fara aiki tun zamanin wayar tagulla, ko numfashi mai ƙarfi ba ya yi. Sai da aka kira assalatu muka gama. Tun daga ranar, duk wanda ya zo sayar mini da hanya ta biyu, kafin farashi taswirar rami nake tambaya. Da yawa daga nan fuskarsu ke canzawa.

Ba na cikin masu cewa kamfanonin waya ɓarayi ne kawai. Lissafinsu na da wuya. Huɗu ne ke raba kasuwar: Airtel, Moov Africa, Zamani da ya gaji Orange a 2019, da Niger Telecom ta gwamnati da aka haɗa daga Sonitel da SahelCom a 2016. Ƙasa ce mai murabba'in kilomita 1,267,000, mutane a warwatse, mafi yawan masu saye kuma kredin dala ashirin ko dala arba'in suke sakawa. Kamfani na karɓar dalarmu mai sefa biyar, yana sayen kayan aiki da dalar Amurka, ga haraji da duwan a tsakani. Hanya ta biyu kuwa, ranar da komai ke lafiya ko tamma ba ta kawowa. A taron kasafi injiniya zai ce a haƙa wani ramin, mai kula da talla ya ce da kuɗin nan sai a cika shataletalen Yamai da alluna a kuma raba bonis. Ba sai na faɗi wanda ake saurara ba.

Ita kanta 4G da ake ta kirari, magana ce ta tsakanin wayarka da turke, tazarar da ba ta wuce kilomita ƙalilan ba. Abin da ke bayan turken shi ne ba a sa wa allo. An faɗaɗa bakin randa, amma da moɗa ɗaya ake zuba mata ruwa. Shi ya sa bayan isha'i, in kowa ya kishingiɗa ya ɗauki waya, za ka ga sandunan rezo a cike amma bidiyo na ta juyi. Hukumar ARCEP mai kula da harkar sadarwa ta sha cin kamfanonin tarar biliyoyin sefa kan rashin ingancin aiki. Tarar ta shiga baitulmali, rami bai ƙaru ba. Da ni ne, sai in ce wa kamfani: kuɗin nan kada ka kawo mana, ga hanya kaza, haƙa ta cikin wata kaza, kuma ka buɗe ta ga sauran da farashin da za su iya. In ka duba taswira, Konni, Tawa, Agadas, Damagaram, Maraɗi, a dawo Konni, zobe ne. A zobe, in aka yanke gabas haske sai ya zaga ta yamma, mai waya bai ma san an yi ba. Tsakanin Tawa da Yamai ma akwai hanyar Filinge, wadda ba ta haɗa komai da ta Doso. Matsalarta tsaro, kuma wannan ba kamfani ke maganinsa ba.

Sai wuta. Mun sha darasinta a farkon Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana lantarki bayan takunkumin CEDEAO. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa: ta Yamai daga Birnin Kebbi, tamu ta nan tsakiya daga Katsina ta Gazawa. Sai a Maris 2024 ta dawo. Tashar Goru Banda da ƴar tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 sun yi abin da za su iya. Kowane turke da ka gani, ƙaramin gidan wuta ne: batura, gurup, tankin gazwal, wani lokaci farantan hasken rana da hunturu ke lulluɓewa da ƙura. Irin baturan darma da aka daɗe ana sakawa, an ƙera su ne don sanyin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma rabin ransu ke tafiya. A Tawa, watan Afrilu da Mayu, inuwa ma takan kai 45. Na sha buɗe akwati in tarar da batura sun kumbura kamar burodi. A takarda suna riƙe turke awa takwas, a zahiri minti 40 ya yi yawa. In mutum ya ce mini rezo ya ɗauke a ƙauyensu, tambayata ta farko yaushe aka kai gazwal.

Bangaren gwamnati ya fi nauyin faɗi. Ran 21 ga Fabrairu 2021 aka yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Aka faɗi sakamako, rikici ya tashi a Yamai, ran 24 intanet ɗin salula ya ɗauke a ƙasar, bai dawo ba sai wajen 5 ga Maris. Kwana goma. Mutane na zaton akwai wani maɓalli a fadar shugaban ƙasa. Babu shi. Umarni ne ke isa ga kamfanoni, kamfani kuma lasisinsa a hannun gwamnati yake, sai a sa wani irina ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta layuka ƙalilan. Aikin mintoci ne, kuma abin da ya sa ya zo da sauƙi haka shi ne ƙofofin ba su da yawa: kamfani huɗu, dukansu da zuciya a gari ɗaya. Ƙuncin da ke sa katafila ɗaya ta kashe jiha guda, shi ne dai ke sa takarda ɗaya ta kashe ƙasa guda. Mai mulki da ya ɗanɗana wannan sauƙi, da wuya ya yi zumuɗin ganin ƙofofi sun yawaita. A lura, zaɓaɓɓiyar gwamnatin farar hula ce ta yi wannan, don haka ba maganar kaki ko babbar riga ba ce. Dokar laifukan intanet ma haka ta yi ta yawo: an kafa ta a 2019, a 2022 aka cire ɗauri kan ɓata suna, a Yuni 2024 aka mayar da shi.

Na san damuwar tsaro ba ƙarya ba ce. Masu ɗauke da makamai na amfani da waya, kuma su ne ke ƙona turaku a yankin iyaka, inda ma'aikacinmu ba ya iya zuwa gyara sai da rakiya. Amma rufe intanet makaho ne, bai san mai tayar da fitina da ungozoma ba. A Adar, inda gida da yawa tukunyarsu na jiran abin da ɗan cirani ya turo daga Abijan ko Libiya ko Legas, kwana goma ba koneksiyon cefane ne aka taɓa.

Yanzu kalmar da ke bakin kowa ita ce ikon kai, har a fannin fasaha. Ina tare da ita, in dai za a kai ta ƙasa inda rami yake. Aikin da na fi yabawa shi ne babbar hanyar fibir ta ƙetare Sahara da Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinta, sama da kilomita 1,000 a ɓangarenmu, har da cibiyar ajiye bayanai ta ƙasa. A cikin rassanta, wanda ya fi kowane daraja a idona shi ne na Arlit zuwa Asamaka, iyakar Aljeriya. Sauran duk Atlantika suke kai mu, ko wajen maƙwabtan da su ma can suka dogara. Wannan kuwa tekun Bahar Rum yake fuskanta, ruwa daban, igiyoyi daban, siyasa daban. Ranar da ƙasa ta sake zabtarewa a gaɓar Abijan, reshen nan ne kaɗai ba ruwansa.

Sai dai ikon kai na da ƙananan alamomi da ba a yi musu biki. Ƙasar nan na da nata sunan a intanet, .ne, amma har yau kana iya karɓar takardar ofishin gwamnati mai hatimi, a ƙasanta adireshin Gmail ko Yahoo. Na taɓa bin sawun hanya daga wani ofis a Yamai zuwa shafin wani ofishin da bai fi tafiyar minti goma a kabu-kabu ba, sai na ga saƙon ya je Faransa ya dawo. Mun biya kuɗin teku sau biyu don mu gaisa da maƙwabci. Maganin wannan tsoho ne: mahaɗa ta cikin gida, ɗaki ɗaya da na'ura ɗaya inda duk kamfanoni ke jona igiyoyinsu, abin gida ya tsaya a gida. Na'urar ba ta kai kuɗin motar darakta ɗaya ba. Wahalar ita ce babba ba ya son haɗa kai da ƙarami kyauta, kuma sai hukuma ta tsaya da gaske. Legas na da irin wannan mahaɗa tun 2006, shi ya sa manyan kamfanonin duniya ke kai kwamfutocinsu can su ajiye kusa da jama'a. Cibiyar bayanai ita ma ba gini ba ce kawai. Tana son wuta ta hanya biyu, fibir ta hanya biyu, da albashin da zai hana yaran da muka koya wa aiki tafiya Dakar ko Kanada. Ana gayyatar minista ya yanke ƙyalle ranar buɗewa, amma ba a gayyatar kowa ranar canza batura, kuma a kasafin kuɗi layin nan ne ake fara gogewa.

Ana cikin haka sai ga Starlink, intanet ta taurarin ɗan Adam da ake kamawa da kwano a kan rufi. Tun kafin a ba ta izini kwanukanta ke shigowa ta iyakar Najeriya, inda ta fara aiki a farkon 2023. Gwamnatinmu ta sa hannu da ita a ƙarshen 2024, ta fara aiki a hukumance a Maris 2025. Taurarinta na shawagi a nisan kilomita wajen 550, tsofaffin taurarin sadarwa kuwa kusan 36,000, shi ya sa magana ta kanta ba ta da jinkirin nan na da. Ga Tasara da Tiliya da rugagen da fibir ba za ta kai ba nan kusa, alheri ne, ba na musu. A cikin gari ma matasa sun kafa sana'a, kwano ɗaya a kan rufi suna sayar wa unguwa tikitin wifi. Ga injiniya, wannan ce hanya ta biyu ta farko da katafila ba ta isa ta taɓa ba.

Amma zanen aro ba ya rufe katara. Saƙon da ya hau sama dole ya sauko a wata tasha ta ƙasa, manyan tashoshin yankinmu kuma a Najeriya suke, ƙasar da ta yanke mana wuta a 2023. Ragamar kamfanin a hannun mutum ɗaya take, Elon Musk, wanda da bakinsa ya ce ya ƙi buɗe ta kusa da Kirimiya a 2022 lokacin da Yukiren ta nema. Ran 24 ga Yuli 2025 matsalar manhaja ta kashe ta a duniya baki ɗaya sama da awa biyu. Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda ba ya fitowa a labarai: waɗanda ke fara komawa can su ne bankuna da ƙungiyoyin agaji da manyan ƴan kasuwa, wato masu biyan kuɗin da ake haƙa rami da shi. In suka tafi duka, kamfanin gida ya rage da mai kredin dala ashirin, ramin Filinge kuma sai a mafarki. Mu ɗauke ta a matsayin gida na biyu. Wanda ya rushe na farko don ya samu na biyu, ya koma inda ya fito.

Kwanakin baya wani Alhaji mai shagon tura kuɗi a kasuwa ya sa na haɗa masa hanya biyu, layin kamfanin gida da kwanon sama, in ɗaya ta faɗi ɗayar ta ɗauka da kanta. Bayan wata uku na biyo ta wurin, muna gaisawa na sa hannu bayan teburi na zare igiyar farko ban gaya wa kowa ba. Na ƙirga talatin a zuci. Shiru. Layin mutane ya tsaya, yaron da ke kan kwamfuta ya fara zufa.

"Alhaji, yaushe rabon da a biya kuɗin kwanon?"

Ya sosa ƙeya. "Injiniya, wata biyu ke nan. Katin ya ƙi wucewa, kuma na ga ɗayan na aiki lafiya lau, na ce mi za a yi da biyu."

Na mayar da igiyar, muka nemi mai katin da ke wucewa aka biya. Yanzu ranar 1 ga kowane wata yaron shagon ne ke zare ta da kansa kafin a buɗe ƙofa, ya ƙirga talatin, ya turo mini saƙo.